Littafin Uwargida: Yadda Matan Ingila Suka Rubuta Girki Da Magani Shekaru 400 Da Suka Wuce



Bara ne kakarmu ta rasu a nan Sabon Ibadan, Allah Ya jiƙanta. Bayan wata huɗu yayata ta haihu, aka tashi haɗa yajin jego irin wanda tsohuwa take yi wa duk mai jego a gidanmu. Nan ido ya raina fata. Gwaggo ta ce kayan haɗin guda tara ne, aka ƙirga aka samu shida, sauran ukun kowa da abin da yake faɗa. Haka turaren wutarta, wanda ko daga bakin layi ka ji ƙamshinsa ka san daga gidanmu ya fito, yau babu mai iya haɗa shi. A kanta take riƙe da komai, kuma da shi aka binne ta.

Wannan abu ne ya sa na shiga neman ko akwai mutanen da suka taɓa rubuta irin wannan ilmi na cikin gida. Neman ya kai ni Ingila ta tsakanin 1550 zuwa 1750, inda matan gidaje masu hali suke ajiye littafi na musamman, rubutun hannu, mai ɗauke da girki da adana abinci da kwalliya da magani. Ɗaruruwan littattafan nan suna nan har yau a ɗakunan karatu irin su Wellcome da ke Landan, an ɗauki hotonsu an zuba a intanet. Ga kaɗan daga abin da na fahimta.

Da farko dai, a wancan zamani likita sai mai kuɗi. An kafa ƙungiyar likitocin Landan tun 1518, amma 'yan kaɗan ne, ga tsada, kuma littafin magungunansu da suka fitar a 1618 da harshen Latin aka rubuta shi, wanda talaka ba ya ji. Da wani mai haɗa magani, Nicholas Culpeper, ya fassara shi zuwa Turanci a 1649, likitocin sun yi fushi ƙwarai, domin ya tona musu asirin sana'a. Saboda haka idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ko bara ya ƙone da wuta, uwargida ake fara nema. Ita ce mai girki, ita ce mai magani, har maƙwabta da talakawan ƙauye wurinta suke zuwa. Shi ya sa a littafinta za ka ga yadda ake gasa nama a shafi ɗaya, ka juya ka ga maganin tari, ka sake juyawa ka ga yadda ake haɗa tawada ko cire tabo daga tufafi. A wurinsu duk abu ɗaya ne, wato kula da gida.

A cikin matan nan wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce Ann Fanshawe, wadda aka haifa a 1625 ta rasu a 1680. Ta yi aure a 1644, lokacin yaƙin basasar Ingila, mijinta kuma yana ɓangaren sarki. Aka ci su da yaƙi, aka sare kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, suka shiga yawon gudun hijira tsakanin Faransa da Ireland da Sifen. Ta haifi 'ya'ya 14, biyar kacal suka girma. A 1651, shekarar da aka kama mijinta a fagen yaƙi aka tsare shi, ta sa aka fara rubuta mata littafinta, aka kwafe har da abin da ta gada daga mahaifiyarta. Ku duba fa, matar da ba ta da tabbacin inda za ta kwana baɗi, abin da ta ga ya kamata ta killace ke nan.

Daga baya sarauta ta dawo, aka naɗa mijinta jakada a Fotugal, sannan a Sifen, inda ya rasu a Madrid a 1666. Duk inda ta zauna sai ta ƙaro wani abu. Akwai yadda ake haɗa cakulan na sha, da ta samo a Madrid a 1665, lokacin abin baƙo ne a Ingila. Akwai turarukan Sifen na tufafi da na ƙonawa a ɗaki, waɗanda ake haɗawa da almiski da ambar da jibda, kusan abin da mu muke kira turaren wuta. A 1678 ta damƙa littafin a hannun 'yarta Katherine, ita ma ta ci gaba da ƙari. Haka aka saba: uwa ta ba 'ya, 'ya ta tafi da shi gidan miji. Wani irin littafin har teku ya ƙetare. Wanda Martha, matar George Washington shugaban Amurka na farko, ta samu daga dangin mijinta na fari, girke-girken Ingila ne na tun kaka da kakanni. Ta riƙe shi shekara hamsin, ta ba jikarta a 1799.

Abu na biyu da ya burge ni shi ne tsarin rubutun. Ni ɗan mai sayar da goro ne, na tashi ina ganin littafin bashin Baba, inda kowane kwando yake da sunan wanda ya kawo da wanda ya ɗauka. To haka matan nan suke yi. Kusa da kowane haɗi sai a rubuta sunan wanda ya bayar: gwaggo wance, likita wane, matar limamin coci. Ba sayarwa ake yi ba, musaya ce ta mutunci, ka ba ni na ba ka, kuma darajar haɗi tana tafiya da darajar mai shi. Idan an gwada an ga aiki, sai a rubuta kalmomin Latin guda biyu, probatum est, ma'ana an jarraba. Idan bai yi ba, a ja masa layi, wani lokaci har a rubuta a gefe cewa ba shi da amfani. Wata mai bincike, Elaine Leong, ta yi littafi a kan wannan a 2018, ta nuna cewa maza ma suna tarawa suna gwadawa, ba mata kaɗai ba.

Awonsu ma irin namu ne. Za ka ga an ce a ɗebo man shanu kamar girman ƙwai, ko a sayo kanumfari na kwabo ɗaya, ko a bar tukunya a wuta gwargwadon karanta addu'a kaza. Wannan yana da matsala, domin kwabon bana ba na bara ba ne. Akwai kuma matsalar barin abin da ake ganin kowa ya sani. A littafin Ann Fanshawe akwai ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan haɗa askirim a Turanci, amma ba a ambaci zuba gishiri a kan ƙanƙarar da ake binne mazubin a ciki ba, alhali gishirin ne yake ƙara wa ƙanƙara sanyi har madara ta daskare. Wanda ya bi rubutun kawai, madara mai sanyi zai sha.

Batun adana abinci kuwa, dole ce ta sa. Hunturunsu yana da tsawo, gona ba ta ba da komai, ciyawar dabbobi ma ƙaranci take, don haka a watan Nuwamba ake yanka da yawa a zuba gishiri ko a banda. Wani naman a dafa, a danna a tukunya, a rufe samansa da narkakken man shanu don kada iska ta shiga. Ganyaye a jiƙa su a ruwan khal. 'Ya'yan itace kuma a dafa su da sukari, nauyi daidai da nauyi. Ba su san ƙwayoyin cuta ba, wannan sai a ƙarni na 19 zamanin Louis Pasteur. Amma gwaji ya nuna musu abin da yake aiki. Yau mun san gishiri da sukari suna janye ruwa ne daga abinci, abin da ke ruɓar da shi ya rasa wurin rayuwa. Hikimar da ke cikin kilishi ke nan.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Kafin 1640 sukari a Ingila kayan masu kuɗi ne, har a shagon magani ake sayar da shi. Daga shekarun 1640 aka mayar da tsibirin Barbados gonar rake, farashi ya sauka, littattafan mata suka cika da kayan zaƙi. Waɗanda suka yi noman bayi ne da aka kwasa daga gabar Afirka ta Yamma, har da gabar ƙasar da yau ake kira Nijeriya. Uwargida tana juya tukunya a Landan, ba ta rubuta wannan a littafinta ba. Ƙaron da suke sa wa a alewa da magani da tawada, mafi yawansa daga yankin kogin Senegal yake zuwa. Jibda kuma daga tunkun juda ake samunta, ana kai dabbar da ranta Turai. Marubucin nan Daniel Defoe ya taɓa sayen kusan guda 70 a 1692 don ya yi kasuwancin turare, ya ƙare da karaya da bashi.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ke cikin littattafan nan alheri ne. Akwai ruwan dodon koɗi da tana don ciwon huhu, da man da ake dafawa da 'ya'yan tsattsewa don ciwon gaɓoɓi, da garin ƙafar ƙaguwa da murjani da lu'ulu'u don zazzaɓi. Akwai ruwan maganin annoba mai ganyaye barkatai, amma annobar 1665 ta kashe kusan mutum 100,000 a Landan. Mafi muni shi ne kwalliya. Don fuska ta yi fari, mata suna shafa farar dalma da aka kwaɓa da khal, wasu har da zaiba. Fata ta lalace, a ƙara shafawa don a rufe, haƙora su zube, gashi ya kakkaɓe. Maria Gunning, wadda ta yi suna da kyau a Landan, ta rasu a 1760 tana da shekara 27, kuma ana danganta mutuwarta da wannan shafe-shafe. Kafin mu yi musu dariya mu tuna da man bilicin da ke kasuwanninmu, wanda ake samun zaiba a wasunsa, da kwallin dutse mai dalma da ake ranbaɗa wa jarirai.

Amma a cikin tarkacen akwai zinariya. A 1775 aka nemi ra'ayin wani likita, William Withering, game da wani haɗin gida na maganin kumburin jiki, wanda wata tsohuwa a yankin Shropshire ta daɗe tana riƙe da sirrinsa. Ganyayen sun kai ashirin. Ya gano cewa guda ɗaya ne mai aikin, wani fure da suke kira foxglove. Ya yi shekara goma yana gwada awo, domin in ya yi yawa guba ne, sannan ya buga sakamakon a 1785. Daga dangin furen nan ake samun digoxin, maganin zuciya da asibitoci suke bayarwa har yau. Sunan likitan ya shiga tarihi, na tsohuwar kuwa ba a rubuta ba.

To jama'a, ga inda na dosa. Mu ma muna da al'adar rubutu, kundin malamai cike yake da laƙani da sunayen itatuwa. Amma ilmin tsakar gida, na daddawa da dakuwa da humra da dilka da kunun mai jego, a baki yake tafiya, daga uwa zuwa 'ya. A Arewa in kakarka ta rasu akwai tsohuwar maƙwabta da za a tambaya. A nan kuwa tsofaffin ƙalilan ne, wasu in ƙarfi ya ƙare gida suke komawa, ƙannenmu kuma da amala da ewedu suka tashi, wasu sunan ganyen ma da Yarbanci suka san shi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ann Fanshawe ta bar gida, amma ta ɗauki nata a cikin littafi.

Shawarata ita ce kowa ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ya zauna gaban Inna ko Gwaggo ko Hajiya tun suna da rai. A rubuta da boko ko da ajami. A sa sunan wadda ta faɗa da garin da ta fito. A yi awo da cokali da gwangwani, kada a ce na naira kaza. A tsaya a ga an yi a gaban ido, saboda abin da za ta manta ta faɗa, irin gishirin askirim. Wanda aka gwada ya yi, a sa masa alama. Na magani kuma, musamman na yara da masu ciki, a nuna wa ma'aikacin lafiya kafin a ba wani, domin tsufan haɗi ba ya nufin ba ya cutarwa.

Ni na fara nawa. Shafi 11 ke nan, yawanci daga bakin Gwaggo. A shafin yajin jego na rubuta guda shida, na bar layi uku babu komai. Sallah mai zuwa in Allah Ya kai mu zan je gida wurin ƙanwar kakarmu, ko Allah zai sa ta tuna.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.