Wurno: Garin da Aka Gina Don Makiyaya Su Zauna

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi a bakin kogin Rima, don tare hare-haren Gobirawa. Amma ganuwa ba ta tsaron kanta, sai da mutane. Shi ya sa ya jawo Fulani makiyaya su bar yawon kiwo su yi zaman gari, su rungumi noma, sana'a da karatu.

Rayuwarsu ce ta zana garin. Kowane gida da zaurensa, inda baƙo ke cin birki kafin idonsa ya kai cikin gida. Lunguna ƙanana, daidai wucewar jaki da kayansa, suna ɓullewa masallacin Juma'a ko kasuwa. A Wurno Bello ya rasu a 1837, kabarinsa na nan.

Yau matasan Wurno da na garuruwan maƙwabta sun zo da nasu salon. Daga Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, zuwa Goronyo mai madatsar ruwa, bulo na ture tubali, zaure na komawa shagon cajin waya. Motar albasa kuwa lungun jaki ya yi mata kaɗan, sai gefen kwalta, inda sababbin gidaje ke jeruwa.