Yunwar da ba ta tafiya da saukar damina

Masu rubuta tarihin ƙasarmu sun saba auna yunwa da yawan mamata. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973, El-Buhari ta 1984, kowace an raɗa mata suna, an ƙidaya shanun da suka faɗi, sannan aka rufe babinta ranar da ruwa ya sauka. Lissafin da ba a cika yi ba shi ne na jariran da ke ciki ko a goye sa'ad da rumbu ya ƙare.

Assaga ta ishe mu misali. Ƙauye ne a bakin Komadugu, kusa da Difa, inda noman tattasai da kamun kifi suke riƙe da gidaje. A 2015 hare-haren Boko Haram suka tashi mutanensa, su da maƙwabtansu na ƙetaren kogi, suka koma bukkokin kara da leda a gefen kwalta. A shekarar kuma hukuma ta hana cinikin tattasai da kifi don toshe wa maharan hanyar samun kuɗi. Ba fari aka yi ba. Gonakin suna nan, zuwa gare su ne ya gagara, masu juna biyu da masu shayarwa suka koma jiran rabon agaji.

Abin da irin wannan hali yake bari a jikin jariri, a Turai aka fara gane shi. A hunturun 1944 zuwa 1945, mamayar Jamus ta jefa yammacin Holand cikin yunwa. A 1976 Ravelli da abokan aikinsa suka duba takardun samari wajen 300,000 ƴan shekara 19 da aka auna don aikin soja. Waɗanda yunwar ta samu a rabin farko na zamansu a ciki sun fi saura yawan ƙiba. Waɗanda ta samu dab da haihuwa kuwa, ƙibar ta yi ƙaranci a cikinsu. Ashe lokacin da yunwa ta zo ma abin dubawa ne. Kusa da mu, binciken da aka buga a 2010 a kan mutanen Inugu da aka haifa cikin yunwar Biyafara ya same su, suna wajen shekara 40, da hawan jini da ƙiba fiye da waɗanda aka haifa bayan yaƙin.

Wani ɓangare na dalilin yana gindin ƙwaƙwalwa, a ɗan gurbin da ake kira hifotalamus, mai kula da jin yunwa da ƙoshi. Kitsen jiki yana aika masa sinadarin leftin, wanda aka gano a 1994, don shaida masa cewa akwai ajiya. A 2004 Bouret da Simerly suka nuna cewa a jariran ɓeraye, leftin ne yake shimfiɗa jijiyoyin wannan gurbi tun farko. In ya yi ƙaranci a kwanakin nan, shimfiɗar takan tauye. Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma ba na son a karanta wannan a matsayin hukunci a kan kowane yaro. Amma ya yi daidai da abin da aka gani a Holand: jikin da aka gina cikin rashi yakan yi tanadi, har bayan abinci ya wadata.

A wuraren kula da masu tamowa, da zarar tsirin awon damtse ya nuna kore, sai a sallami yaro, a rufe takardarsa. Ƴaƴan da aka haifa a sansanin Assaga a 2015 za su kai shekarun samarin Holand a 2034, su kai na mutanen Inugu a 2055.