Takardar neman sassaucin bashi: Abin da ake rubutawa da abin da take jawowa

Takardar neman sassauci ita ce wasiƙar da wanda ake bi bashi yake aika wa banki, ko ƙungiyar adashi ta ma'aikata, ko dilan da ya ba shi kaya, yana bayyana halin ƙuncin da ya shiga tare da neman a sauƙaƙa masa biya. Darajarta tana ga lokacin da aka aika ta. Wadda ta isa kafin a tsallake biyan farko ta fi samun karɓuwa nesa ba kusa ba, domin a tsarin bankuna, bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba ana sa shi a jerin masu matsala, kuma daga nan sai maganar ta koma hannun sashen karɓo bashi.

Shiru yana da tsada a yau. Tun ranar 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiwatar da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ta wanda ya sa hannu a kan yarjejeniyar, ya cire kuɗinsa daga asusun da mutumin yake da shi a wani banki. Haka kuma, bankuna suna miƙa bayanan masu cin bashi ga kamfanonin adana tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma sunan da ya ɓaci a can yakan hana samun rance a gaba.

Wasiƙar kanta ba ta son tsawo. A sama a sa suna da lambar asusu, da adadin da aka karɓa da abin da ya rage. Sannan a faɗi musabbabin ƙuncin a jimla biyu ko uku: gobara ce ta cinye shago, albashi ne ya tsaya, ko rashin lafiya ce ta cinye jari. A haɗa da shaida, kamar rahoton hukumar kashe gobara, takardar asibiti ko bayanin shige da ficen asusu na watannin baya. Jami'in da zai karanta ba zai iya kai hawaye gaban kwamiti ba, takarda yake kaiwa.

Inda mafi yawan masu rubutu suke tuntuɓe shi ne wurin buƙata. "A taimaka mini" ba buƙata ba ce da za a iya amincewa da ita. Dole a ambaci abin da ake so: a dakatar da biya na wata uku, ko a tsawaita wa'adi don kason wata ya ragu, ko a yafe tarar jinkiri, ko a karɓi wani adadi a dunƙule a rufe maganar. Wanda ke biyan Naira dubu 80 a wata, idan dubu 45 ce iyakar ƙarfinsa, ya rubuta dubu 45, kada kunya ta sa ya yi alkawarin 60. Saɓa alkawari na biyu ya fi na farko illa. A kuma lura cewa tsawaita wa'adi a bankin da ke karɓar ruwa yakan ƙara jimillar abin da za a biya, don haka a nemi sabon jadawali a rubuce kafin a sa hannu. A bankunan Musulunci, farashin da aka ƙulla a cinikin murabaha ba ya ƙaruwa saboda an sake tsara biya.

Sassauci ba baƙon abu ba ne ga bankuna. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, Babban Banki da kansa ya ɗage biyan rancen shirye-shiryensa na tallafi da shekara guda, ya rage ruwansu daga kashi 9 zuwa 5 cikin ɗari. Sai dai amincewa da roƙon mutum ɗaya zaɓin mai bin bashi ne, kuma kafin amsa ta zo a rubuce, tsohuwar yarjejeniya tana nan daram.

Wasiƙar tana da nauyi a shari'a, domin amsa bashi ce da sa hannu, kuma tana iya sabunta wa'adin da doka ta ba mai bin bashi ya kai ƙara. Wanda ke jayayya da adadin da ake binsa ya faɗi haka ƙarara a ciki, ko ya tuntuɓi lauya tukuna. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, a riƙe shi. Wanda ya tsaya wa mai bashin shi ma a ba shi kwafi, tunda ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa idan magana ta lalace.