Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Jirgin Sama Mai Tashi

A garuruwan Madawa, Buza da Keita, yara sun saba ƙera mota da jirgi da karan dawa. Jirginsu yana da kyan gani, amma ba ya tashi. Idan kana so ka ƙera wanda zai hau iska, abu uku za ka kiyaye: rashin nauyi, awo na gaskiya, da daidaito.

Wannan sana'a tsohuwa ce. A shekarar 1871 wani Bafaranshe mai suna Alfons Peno ya ƙera ƙaramin jirgi wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa, ya yi tafiyar mita 40 a birnin Paris. Sai a 1903 jirgi mai inji ya ɗauki mutum a Amurka.

Itacen da maƙeran ƙananan jirage suka fi so sunansa balsa. Yana tsiro ne a ƙasashe masu ruwan sama da yawa, kuma mafi yawansa daga Ekwado ta Kudancin Amurka yake fitowa. Guntun balsa mai girman lita 1 nauyinsa kamar giram 160 ne, alhali lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Reza tana yanka shi cikin sauƙi. Ba ya tsiro a Nijar, sai an yi odarsa da tsada. Saboda haka kada ka soma da shi. Busasshen karan dawa da tsagaggiyar tukurwa sun isa ga mai koyo.

Ka fara da ƙaramin jirgi marar inji. Tsawon fiffike daga baki zuwa baki santimita 60, faɗinsa 10, gangar jiki 45, wutsiya 20. Ka zana komai a takarda kafin ka taɓa reza, ka rubuta lambobin a gefe. A nan karatu da lissafin da ka koya za su yi maka rana, domin awon ido yana ruɗi. Idan fiffiken dama ya fi na hagu nauyi ko tsawo, jirgin zai karkata ya faɗi.

Fiffike ba katako guda ba ne. Ana shimfiɗa doguwar sanda ɗaya mai ƙarfi, a jera mata haƙarƙari masu siffa ɗaya, samansu a ɗan tanƙware, ƙasansu a miƙe. A manna su da gam na kafinta, a bar su kwana guda su bushe, sannan a lulluɓe da siririyar takarda ko leda. Bakin kowane fiffike ya ɗaga sama kamar santimita 4, kamar yadda angulu take yi idan tana shawagi. Wannan ɗagawar ce ke sa jirgi ya miƙe da kansa idan iska ta ture shi.

Sai daidaito, inda mafi yawan masu koyo suke yin asara. Ka auna santimita 3 daga gaban fiffike, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a wurin. Ya kamata ya tsaya daidai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya. Idan wutsiya ta rinjaya, ka ƙara ɗan ƙusa a hanci. Jirgi mai nauyin hanci yana tashi da ƙyar, amma mai nauyin wutsiya ba ya sarrafuwa ko kaɗan.

In ka ƙware, za ka iya nufar babba, mai fiffike mita 1 da rabi, wanda ake sarrafawa daga ƙasa. Ka sani cewa idan ka ninka girman jirgi sau 2, filin fiffikensa zai ninka sau 4, amma nauyinsa sau 8. Shi ya sa babba yake buƙatar balsa da jiki marar ciko. Zai buƙaci injin lantarki, farfela, batir, akwatin sarrafawa da ake riƙewa a hannu, da ƙananan injuna da ake kira sarbo, masu motsa wutsiya. Batirinsa ba ya son zafi. Kada ka bar shi a rana ko kusa da rumbu, kuma wanda ya kumbura kada ka sake cajinsa, domin yana iya kama wuta.

Iskar yankinmu tana da ƙarfi, har ta sa aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun 1975 don kare gonaki. Ka yi gwaji da sassafe, kafin ta taso, a fili mai nisa da mutane, dabbobi da wayoyin lantarki. Ka fuskanci iska, ka saki jirgin a hankali, hancinsa ƙasa kaɗan.

Jirgi mai tashi da rediyo kuwa ba abin wasa ba ne a idon hukuma, musamman a wannan lokaci na matsalar tsaro. Kafin ka sayi kayansa, ka sanar da mai gari da jandarmomi, ka nemi izini a rubuce. Kada ka kusanci filin jirgin sama na Tawa ko barikin soja da shi.