Yadda alƙiblar iska ke zaɓa wa jirgin sama titin sauka da tashi

Mazauna Turaki da sauran unguwannin Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, kan ga jirgin da zai sauka a Filin Jirgin Sama na Danbaba Suntai ya ɓullo ta wani ɓangare a yau, wata rana kuma ta ɓangaren da ke fuskantarsa. Babban abin da ke haddasa hakan shi ne iska.

Dalilin fuskantar iska

Gudun iskar da ke bi ta kan fikafikai ne ke ɗaga jirgi. Idan ya fuskanci iska, yakan tashi bayan gajeren gudu, ya kuma tsaya da wuri idan ya sauka. Idan iskar na tura shi ta baya, yana buƙatar titi mai tsawo, kuma yana iya zarce ƙarshensa, musamman bayan ruwan sama. Jiragen fasinja da dama ba a yarda su sauka ba idan iskar baya ta wuce not 10. Not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa.

Ma'anar lambobin titi

Kowane titi yana da lamba biyu, ɗaya a kowane baki. Ana samun lambar ne daga alƙiblar titin a kan kamfas, a raba ta da goma: gabas digiri 90, kudu 180, yamma 270, arewa 360. Titin filin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja 04/22 ne, yayin da babban titin filin Malam Aminu Kano yake 06/24. Dukkansu sun miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, wanda ya yi daidai da yanayin ƙasar: iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma.

Yadda ake bayar da rahoto

Ana kiran iska ne da sunan inda ta fito. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ita ke aunawa tare da fitar da rahoton da ake kira METAR. Idan aka rubuta 06012KT, ana nufin iska na tasowa daga digiri 60 da gudun not 12. A irin wannan hali, jirgi a Kano zai yi amfani da bakin 06.

Akwai wani bambanci da ke rikita masu koyo. Rahoton METAR yana ɗaukar matsakaicin minti 10, kuma yana auna alƙibla daga arewa ta taswira. Jami'an Hukumar Kula da Sararin Samaniya, NAMA, da ke hasumiya kuwa suna faɗa wa matuƙi matsakaicin minti biyu, bisa arewar da kamfas ke nunawa, domin da ita aka sa wa tituna lamba. A Nijeriya tazarar arewa biyun kaɗan ce, amma a wasu sassan Kanada tana wuce digiri 15.

Iskar gefe

Ba kullum iska ke bin titi sak ba. Idan ta karkace da digiri 30, rabin ƙarfinta ne ke bugun jirgi ta gefe. Idan ta kai digiri 90, dukkansa. Kowane jirgi na da iyakar da zai iya jurewa. A filin da ke da titi ɗaya, idan guguwar farkon damina ta wuce wannan iyaka, sai matuƙi ya jira a sama ko ya karkata zuwa wani filin. Hasumiya ce ke ware titi, amma matuƙi na da hurumin ƙin amincewa idan ya ga haɗari.

Horo a na'ura

A Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ana horar da ɗalibai a na'urar kwaikwayon tuƙi. Malami kan sauya alƙiblar iska da ƙarfinta yayin da ɗalibi ke shirin sauka, domin ya saba da yanke shawarar fasa saukar tun kafin ya ɗauki fasinja.