Gero da Gyaɗa: Darasin Shekara Ɗari Ga Mai Zuba Jari

Duk wanda ya taso a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san lissafin da manomi ke yi kafin ruwan shuka. A Toranke da ƙauyukan da ke kewaye da ita, akan raba gona gida biyu: ɓangaren gero da dawa, waɗanda za su cika rumbu, da ɓangaren gyaɗa ko riɗi, waɗanda za su kawo kuɗi. Irin wannan lissafin ne ke gaban ma'aikacin da ke riƙe da ɗan abin da ya tara a yau. Shin ya sayi hannun jarin kamfanin da ya kafu, mai raba riba kaɗan-kaɗan duk shekara, ko kuwa na kamfanin da ake sa ran darajarsa za ta ninka? Tarihin ƙasar Kano yana da abin faɗa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya a 1912. Turawa auduga suke so don masaƙun Ingila, amma manoma da fatake suka ga gyaɗa ta fi tsoka, suka raja'a a kanta. Ba a je ko'ina ba damina ta gaza a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kai har 1914. Wanda rumbunsa ke da hatsi ya tsira da iyalinsa. Wanda ya dogara ga kuɗin gyaɗa ya tarar hatsi ya yi tsadar da kuɗinsa ba sa iya saye.

Duk da haka, gyaɗa ce ta gina manyan dukiyoyin Kano. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya zama babban dillalin gyaɗa na kamfanonin Turawa. An ruwaito cewa a 1929 ya kai azurfa kayan raƙuma 20 ajiya a Bank of British West Africa. Abin lura shi ne lokacin: a shekarar ce kasuwar hannayen jari ta Amurka ta rushe, farashin gyaɗa kuma ya faɗi warwas a shekarun da suka biyo baya. Gidan ya ci gaba da tsayuwa har bayan rasuwarsa a 1955, kuma daga tsatsonsa Aliko Ɗangote ya fito. Ita kuwa dalar gyaɗa, fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa shukar a 1975 suka yi mata illar da ba ta farfaɗo ba.

Bayan shekara talatin sai labarin ya dawo da sabuwar riga. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25. Bankuna 89 suka koma 25, suka bazama sayar da hannun jari ga jama'a. Malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa suka shiga layi, wasu ma da bashin banki suka saya, saboda farashi kullum hawa yake yi. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan nan ya gangaro zuwa wajen 20,000. A watan Agusta na 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar. Wanda ya saya da bashi ya rasa uwar kuɗi, bashin kuma yana nan a wuyansa.

Mai karatu zai iya cewa ke nan rumbu shi ne mafita. A nan ma akwai gyara, domin rumbu yana da nasa ƙwarin. Kamfanonin abinci da na sadarwa su ake ɗauka masu juriya, tunda ko ana wahala sai an ci, sai an buga waya. Amma da aka saki naira a watan Yuni na 2023, Nestlé Nigeria da MTN Nigeria duk sun rufe shekarar da asara, saboda nauyin da ke kansu na dala. Haka kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wanda ya sayi Sukuk na farko na gwamnatin tarayya a 2017, mai biyan kimanin kashi 16 cikin 100 a shekara, ya karɓi haƙƙinsa, amma nairar da aka mayar masa bayan shekara bakwai ba ta sayen abin da ta saya a ranar da ya bayar.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne kowane ɓangare da irin haɗarinsa. Jarin haɓaka yakan halaka mutum farat ɗaya, na ajiya kuma yakan zaizaye a hankali ba a ankara ba. Manomin Toranke bai taɓa zaɓar ɗaya ya watsar da ɗaya ba. Yakan fara ƙiyasta damin da zai ci da gidansa har kaka mai zuwa, abin da ya saura na fili shi yake ba gyaɗa.

Ma'aikaci ma tambayar da ta kamace shi ke nan. Kuɗin haya da na makarantar yara da na asibiti su ne geronsa, wurinsu inda ba sa girgiza kuma ana iya ɗaukowa da wuri. Wanda zai iya mantawa da shi shekara goma shi ne gyaɗarsa, kuma ba da bashi ake shuka ta ba. Matashi mai shekara 30 yana da damuna da yawa a gabansa, zai iya faɗaɗa gonar gyaɗa. Mai jiran fansho kuwa rumbu ne a gabansa. Hausawa sun riga sun faɗa: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.