Dalilan da ke sa layin siriyal tafiyar hawainiya tsakanin kwamfutoci

Layin siriyal hanya ce ta haɗa kwamfutoci biyu da kebul, inda bayanai ke wucewa bit ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idarsa da aka fi sani ita ce RS-232, wadda aka fitar a Amurka a 1960. Har yau ana dogaro da shi a injinan masana'antu da na'urorin rarraba intanet, kuma idan aka ɗora masa tsarin PPP ko SLIP, kwamfutocin kan yi musayar bayanai kamar suna kan intanet.

Iyakar gudunsa

Kafin a zargi na'ura, ya kamata a san ƙarshen ƙarfin layin. A saitin da aka saba, ana ƙara wa kowane bayit mai bit 8 bit na farawa da na tsayawa, sai ya zama 10. Don haka layin da aka saita a bit 9,600 a daƙiƙa ba ya wuce bayit 960, kuma fayil mai megabayit ɗaya kan ɗauki kusan minti 17. A gudun 115,200 kuwa, kusan minti ɗaya da rabi ne. Idan abin da ake samu ya yi kusa da wannan lissafi, babu wata matsala. Iyakar layin ke nan.

Inda matsalar ke ɓuya

Idan gudun ya gaza haka sosai, galibi bayanai ne ke zubewa a hanya, sai tsarin TCP ya yi ta sake aiko su.

Na farko shi ne rashin daidaita kwarara. Idan ɓangare ɗaya na amfani da RTS/CTS ɗaya kuma ba ya yi, mai aikawa zai ci gaba da turo bayanai alhali mai karɓa ya cika. Wasu kebul masu arha ma wayoyi uku kawai ke cikinsu, babu na wannan sigina.

Na biyu shi ne guntun na'urar UART. Tsofaffin samfura irin su 8250 da 16450 bayit ɗaya kawai suke riƙewa, yayin da 16550A ke riƙe 16, abin da ke rage zubewa a babban gudu.

Na uku shi ne kebul ɗin kansa. An fi son kada ya wuce mita 15, kuma kusantar injin lantarki na gurɓata sigina.

Na huɗu shi ne girman ƙunshin bayanai. Ƙunshi mai bayit 1,500 kan tare layin 9,600 fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi, shi ya sa ake rage shi zuwa 296 a layuka masu rauni. Dabarar matse kan ƙunshi da Van Jacobson ya wallafa a 1990 tana rage bayit 40 zuwa kimanin biyar.

Matakin gyara

Ana fara gwaji da gajeren kebul da ƙaramin gudu, sannan a riƙa ɗagawa ana duba yawan kurakurai. Gudun da kurakurai suka fara bayyana a kansa shi ne ya zarce ƙarfin layin, sai a koma na ƙasa da shi.